Sayar da sunayen shafukan intanet: ta ina ake cin riba?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da shagon kwamfuta a Kano, ina buga takardu, ina kuma haɗa wa makarantu da 'yan kasuwa shafukan intanet. Duk wanda na yi wa shafi sai na je wani kamfani na saya masa suna, ko .com ko .com.ng. Yanzu na tara naira miliyan huɗu, ina so in buɗe nawa kamfanin rajistar sunaye. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, sai in ga irin su GoDaddy suna tallar suna a kuɗin da bai ma kai na sari ba. Ta ina suke cin riba? Idan na karya farashi na fi kowa araha, zan iya janyo mutanenmu? Kuma shin in nemi lasisin ICANN kai tsaye?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya sa wa nema albarka. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba: kada ka karya farashi, kuma kada ka kai kuɗinka a yanzu wajen neman lasisin ICANN, wato hukumar da ke sa ido a kan sunayen intanet a duniya. Amma tunda ka tambayi ta inda manyan suke ci, bari mu bi sawun kuɗin, domin sai ka ga inda yake kwana sannan za ka san inda ya kamata ka kafa teburinka.

Sana'ar nan hawa uku gare ta. A can sama akwai mai riƙe da babban kundin rajista. Kundin .com yana hannun kamfanin Verisign na Amurka, na .ng kuma yana hannun ƙungiyar NiRA a nan gida Najeriya. Waɗannan ba sa sayar wa ni da kai. A tsakiya akwai kamfanonin rajista masu lasisi, irin su GoDaddy da Namecheap da Tucows, su ne diloli. A ƙasa kuma akwai masu sarowa a hannun dila su sayar wa jama'a. Kai ma yanzu kusan aikin da kake yi ke nan, sai dai kana saye a farashin kowa da kowa, ba ka samun na sari.

Verisign farashi ɗaya yake yanka wa duk diloli. A watan Satumba na 2024 kowane sunan .com ya koma dala 10.26 a shekara, hukumar ICANN kuma tana karɓar kusan senti 20 a kai. Dilan da ke riƙe da sunaye miliyan 80 da wanda ke riƙe da dubu ɗaya, kuɗin da suke biya a kan kowane suna ɗaya ne, in ban da ɗan rangwamen talla da akan buɗe wa kowa lokaci-lokaci. Hajar ma iri ɗaya ce. Sunan da ka saya a wurin wancan bai fi wanda ka saya a wurin wannan sauri ko ƙarko ba. Ka san yadda sana'ar katin waya take: kati ɗaya, farashi ɗaya, ribar 'yan nairori, kuma ana samun sa a kowace kwana. To haka sunan shafi yake idan shi kaɗai za ka sayar.

Da ba haka abin yake ba. A shekarun 1990 kamfani ɗaya ne tak, Network Solutions, yake rajistar .com da .net da .org a ƙarƙashin yarjejeniya da gwamnatin Amurka. A 1995 ya fara karɓar dala 100 na shekara biyu, daga baya aka rage zuwa 70, kuma babu wurin da mutum zai je ya taya. Da aka kafa ICANN a 1998, ɗaya daga cikin ayyukanta na farko shi ne buɗe wannan kasuwa. A 1999 aka fara gwaji da kamfanoni biyar, ba a daɗe ba farashin sari ya sauka zuwa dala 6, diloli suka yi ta shigowa, kowa yana ƙoƙarin ya fi ɗan'uwansa araha. Mai saye ya ji daɗi, masu sayarwa kuwa ribarsu ta yi ta motsewa.

Akwai wani ciniki a tarihin nan da nake so ka tsaya ka duba da kyau. A shekarar 2000 Verisign ya sayi Network Solutions a kan hannun jari na kimanin dala biliyan 21. A 2003 ya raba kamfanin biyu: ɓangaren da ke sayar wa jama'a sunaye ya sayar da shi a kan kusan dala miliyan 100, kundin rajistar kuwa ya riƙe abinsa. Wato wanda ya fi kowa sanin cikin sana'ar, da aka ce ya zaɓa, sai ya bar dillancin ya rungumi kundin. Kuma bai yi asara ba. A yau sunayen .com sun haura miliyan 150, kowanne yana biya duk shekara, ribar aikin kamfanin ta wuce kashi 60 cikin ɗari na kuɗin da ke shigo masa, daga 2021 zuwa 2024 kuma sau huɗu yana ƙara farashi, daga dala 7.85 har zuwa dala 10.26. Ba banza ba kamfanin attajirin nan Warren Buffett ya daɗe cikin manyan masu hannun jarinsa. Wannan kujera dai an riga an zauna a kanta, ba ta ni da kai ba ce.

To diloli fa, da me suke rayuwa? Farashin da kake gani a talla na shekarar farko ne kawai, kuma da gangan suke faɗuwa a kansa. Sukan lissafa wannan faɗuwa a matsayin kuɗin talla. Idan shekara ta zagayo, sabuntawa a wasu manyan kamfanoni takan kai ninki biyu na farashin sari. Sun san halin ɗan Adam. Wanda ya riga ya buga sunan shafinsa a allon shago da katin kasuwanci da takardun ofis ba zai yar da shi ba, kuma ƙalilan ne suke da haƙurin neman lambar sirrin da ake mayar da suna wani kamfani da ita. Ga shi an riga an ajiye katin bankinsa, kuɗin yana fita da kansa. A .com da .net, kusan kashi uku cikin huɗu na sunayen da wa'adinsu ya cika ana sabunta su.

Amma ko sabuntawar ba ita ce babbar hanyar ba. Duba GoDaddy. Bob Parsons ne ya kafa shi a 1997, ya yi suna da araha da kuma tallace-tallace masu tayar da ƙura a lokacin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, tun daga 2005. Yau yana da abokan ciniki kimanin miliyan 20, kuɗin shigarsa ya wuce dala biliyan 4 a shekara. Ka raba ka gani: kowane abokin ciniki yana kawo masa kusan dala 200 a shekara. Sunan dala goma sha wani abu ba zai kawo wannan ba. Sauran yana fitowa ne daga masaukin shafi (wato wurin da ake ajiye shafin a na'ura don a riƙa ganin sa a intanet), akwatin imel mai sunan kamfani, manhajar gina shafi, tsaro, hanyar karɓar kuɗi, da kuma la'adar da yake ci a kasuwar gwanjon tsofaffin sunaye, wadda saboda ita ya sayi Afternic a 2013. Suna shi ne ƙofar da kwastoma ke shigowa ta ciki, cinikin yana can ciki.

Sai kuma waɗanda ba sa neman ko kwabo a kan sunan. A 2018 Cloudflare, kamfanin tsaron shafukan intanet, ya buɗe nasa sashen rajista ya ce yadda ya saro haka zai sayar, ba ƙari, a shekarar farko da duk shekarun da ke biye. Sharaɗinsa shi ne sunan ya zauna a kan na'urorinsa, domin sauran hajarsa yake son ka saba da ita. Ka ce za ka fi kowa araha. To ga wanda ribarsa sifili ce, ta ina za ka bi ka sauka ƙasa da shi? Sai dai ka riƙa ciko daga aljihunka, kuma miliyan huɗu ba za ta daɗe tana ciko ba. Google ma, duk da ƙarfinsa, ya yi shekaru yana wannan sana'a, ya tara sunaye kusan miliyan 10, a 2023 ya tattara ya sayar wa Squarespace a kan dala miliyan 180. Squarespace kuwa ba don sunayen ya saya ba, don masu sunayen ne, ko zai samu ya sayar musu da manhajarsa ta gina shafi.

Akwai wata illar karya farashi da ba a cika faɗa ba, wato irin kwastoman da take janyowa. Wanda araha ta kawo shi, araha ce za ta ɗauke shi. Zai karɓi rangwamen shekarar farko, shekara ta biyu ko ya bar sunan ya mutu ko ya koma wurin wani mai rangwame. Kai kuwa ka faɗi a kansa da tsammanin za ka fanshe a gaba. Babban kamfani yana da miliyoyin mutane da zai fanshe a kansu, kai ɗari nawa gare ka? Har ila yau, masu damfara ta intanet suna bin inda suna ya fi araha su kwashi da yawa, ƙorafin kuma kanka zai dawo.

Batun lasisin ICANN lissafi ne kawai. Kuɗin neman lasisi dala 3,500 ne, kuma ko an ba ka ko an hana ka ba a mayarwa. Bayan nan akwai dala 4,000 duk shekara, ban da wasu kuɗaɗen da ake biya wata uku-uku. Ana so ka nuna kana da jarin aiki na dala 70,000. Sannan kowane mai kundi da kake son sayar da hajarsa sai kun ƙulla yarjejeniya daban, galibi ka ajiye masa kuɗi a gaba, ga na'urori, ga ma'aikatan da za su kula da su dare da rana. A ce kana cin dala 2 a kan kowane suna, sai ka riƙe sunaye 2,000 kafin ka biya kuɗin shekarar kaɗai, ba a zo maganar albashi da haya da man janareta ba. Jarinka gaba ɗaya, idan dala tana wajen naira 1,500, bai kai dala 3,000 ba. Maganar ta ƙare a nan.

Ba wai na ce ka bar sana'ar ba ne. Ka shige ta ta ƙofar da ta dace da ƙarfinka, wato ka zama mai sarowa a hannun dila. Tucows, ta hanyar tsarinsa na OpenSRS, kusan duk kasuwancin rajistarsa a kan masu sari irinka ya gina shi, har ya ƙara da sayen Enom a 2017. Akwai kuma ResellerClub. A gida, kamfanonin da NiRA ta ba lasisi, irin su Whogohost da QServers da Web4Africa, sun daɗe a fagen, kuma akwai tsarin masu sari a wannan kasuwa ma. Za ka ajiye kuɗi kaɗan, ka samu farashin sari, ka sayar da sunan kamfaninka, su kuma su ɗauki nauyin na'urori da dokoki. Kafin ka zaɓi dila, kada ka dubi farashin rajistar farko. Ka tambayi na sabuntawa, ka tambayi nawa ake biya a fanso sunan da wa'adinsa ya wuce, ka kuma tabbatar idan kuka ɓata za ka iya kwashe sunayen mutanenka ka kai wani wuri ba tare da an ja maka rai ba.

Yanzu ga abin da kake da shi wanda manyan ba su da shi. Na farko naira. Ka tuna a 2022 bankunanmu sun rage abin da katin naira zai iya biya a waje zuwa dala 20 a wata, wasu ma suka rufe gaba ɗaya. Mutane da yawa sun ga wa'adin sunansu yana ƙarewa, kuɗin yana hannu, hanyar biya ce babu. Wanda zai karɓi taransifa ta banki ko tsabar kuɗi ya ba da rasit, ya ɗauke wa mutum wannan wahala, ya cancanci a biya shi fiye da farashin da ke rubuce a shafin wani kamfani na Amurka. Na biyu harshe da fuska. Shugaban makaranta ko Alhajin da ke fitar da riɗi da zoɓorodo ƙasashen waje ba ya son ya cike takardar ƙorafi da Turanci ya jira amsa. So yake idan imel ɗinsa ya tsaya ya kira lambar da ya sani, a amsa masa da Hausa, in ta kama ma ya aiko yaro shago. Da ɗan gari akan ci gari, kuma wannan ita ce hajarka ta gaskiya.

Saboda haka kada ka sayar da suna shi kaɗai. Ka haɗa shi da masauki da imel da kulawar shekara, ka yanka kuɗi ɗaya. Kuma ka san wa kake nema. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke cinikinsa ta WhatsApp da Instagram, gaskiya ba lallai ne yana buƙatar shafi ba, kada ka ɓata takalminka a kansa. Masu buƙata su ne makarantu masu zaman kansu, asibitoci, ƙungiyoyin da ke neman tallafi, 'yan kwangila, da masu fitar da kaya waje waɗanda abokan cinikinsu ba sa sakin jiki da wasiƙar da ta fito daga adireshin Gmail. Hanya mafi sauƙi ta samun su ita ce ka ƙulla da lauyoyi da wakilan da ke yi wa mutane rajistar kamfani a CAC. Ranar da mutum ya karɓi takardar kamfaninsa, a ranar ya fi sauƙin yarda ya kama sunan a intanet kafin wani ya riga shi. Ka ware wa wakilin kamashonsa.

Ka mai da hankali sosai a kan dala, don nan ne masu irin sana'arka suka fi ƙonewa. A farkon 2023, a farashin banki na kusan naira 460, sarin sunan .com ɗaya yana tashi wajen naira 4,200. Bayan an saki naira a watan Yuni na wannan shekara, zuwa 2024 dala ta haura 1,500, sai ga sunan nan guda ya wuce naira 15,000. Wanda ya karɓi kuɗin shekara uku a hannun kwastoma amma ya biya dila na shekara ɗaya, yana cewa sauran sai lokaci ya yi, shi ya cike gibin daga jikinsa. Don haka duk abin da ka karɓa na suna, ka biya shi a ranar. Idan mutum ya biya na shekara biyar, ka yi masa rajistar shekara biyar nan take, .com yana karɓar har goma. Ka kuma rubuta a takardar yarjejeniya cewa kuɗin sabunta .com yana bin farashin dala.

Wannan ne ma ya sa nake ganin .com.ng ya fi dacewa ya zama babbar hajarka. Da naira ake sayensa, ya fi .ng tsura araha, kuma gajerun sunaye masu kyau da aka daɗe da kwashewa a .com har yanzu ana samun su a nan. Makarantun firamare da sakandare ma suna da nasu, .sch.ng. Kasuwar ba ta cika ba: sunayen .ng gaba ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, alhali na Afirka ta Kudu sun wuce miliyan ɗaya, ga shi mun ninka su a yawan jama'a. Idan Allah ya buɗa ka tara sunaye masu yawa, lasisin NiRA ne matakin da ya kamata ka fara nema, shi ne ya fi kusa da hannunka.

Wani abu kuma da nake roƙonka a kai, domin ya zama ruwan dare a tsakanin masu haɗa shafuka: kowane suna ka yi rajistarsa da sunan mai shi, da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ba naka ba. Wasu sukan sa nasu don su riƙe wuyan kwastoma, ranar da aka samu saɓani sai su hana shi abinsa. Wannan cin amana ne, kuma a gari irin Kano labari ba ya kwana. Haka nan rai da ajali. Idan yau ba ka, makarantar mutane kada ta rasa shafinta saboda komai yana cikin wayarka. Abin ya taɓa faruwa a babban mataki. A 2007 wani kamfanin rajista a Amurka mai suna RegisterFly ya rikice saboda rigimar masu shi, mutane suka rasa sunayensu, ICANN ta soke lasisinsa, a ƙarshe aka mayar da sunaye sama da 800,000 hannun GoDaddy. Bayan wannan ne aka tsananta dokar cewa dole kowane dila ya riƙa ajiye bayanan abokan cinikinsa a hannun wani amintacce na daban. Kai ma ka yi naka a ƙaramin mataki: kundi mai ɗauke da kowane suna, mai shi, da ranar ƙarewarsa, kuma wani amintaccenka ya san inda yake.

Wannan kundin shi ne dukiyar kamfanin, ya fi kwamfutocin shagon daraja. Manya suna aika imel na tuni wanda rabin mutanenmu ba sa buɗewa. Kai kira za ka yi, wata guda kafin wa'adi, ka sake kira saura mako. Sunan .com idan ya wuce wa'adi aka kai ga goge shi, yakan shiga kwana 30 na fansa, kuɗin fansar kuma ya ninka na sabuntawa sau da yawa, bayan nan da kwana biyar a sake shi ga duk wanda ya riga. Kwastoman da ka tsamar daga wannan sau ɗaya da wuya ya bar ka saboda wani ya rage masa naira dubu biyu. Kuma tun ranar farko ka gaya masa abin da zai biya baɗi. Namecheap ya ja mutane da yawa da irin wannan sauƙin hali, har daga 2018 ya mayar da ɓoye bayanan mai suna kyauta, abin da a da ake karɓar kuɗi a kansa.

Game da miliyan huɗun, ni da zan raba ta, kaso kaɗan zan ajiye wurin dila, don ana ƙarawa ne gwargwadon ciniki. Kaso mai tsoka zai tafi ga masauki mai inganci, manhajar lissafi da ke fitar da rasit da tuni irin su WHMCS, hanyar karɓar kuɗi ta Paystack ko Flutterwave, wutar sola, da yaro ɗaya mai natsuwa da zai riƙa amsa waya. Aƙalla kashi ɗaya cikin uku kuma zan bar shi a ajiye ban taɓa ba, saboda ranar da dala za ta sake tsalle.

Za ka haɗu da masu ce maka ka sa kuɗin a sayen sunaye masu daɗi ka ajiye, wata rana a saya da tsada, su kawo maka labarin voice.com da aka sayar dala miliyan 30 a 2019. Labarin gaskiya ne, amma kowane suna da ka ajiye sai ka biya masa kuɗi duk shekara, mafi yawansu kuma ba mai tayawa. Idan kuwa sunan wani kamfani ko tambarinsa ka kama da niyyar ya zo ya fansa, tun 1999 ICANN take da tsarin sauraron irin wannan ƙara, kuma idan aka tabbatar da mugun nufi karɓe sunan ake yi a miƙa wa mai tambarin, ba a ba ka ko sisi.